Brazil: wanda ya taba zuwa ya bamu shawara, Rio ko ina?

Abban Khadija: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah ina neman shawara, aiki zai kaini Sao Paulo bayan karamar sallah in Allah ya kaimu kuma inaso in na gama in dan kara kamar sati daya ni da uwargida muga gari tunda anriga an kashe kudin jirgi. To ni dai banda Rio da kwallo ba abinda na sani akan kasar. Wadanda suka taba zuwa ina yakamata mu nufa, kuma ya maganar abinci da sallah?

Injiniya Bello: Wa alaikumus salam Alhaji. Abu na farko ka cire a ranka cewa zaka zaga Brazil a sati daya, kasar ta ninka Najeriya sau tara da doriya, daga Sao Paulo zuwa Manaus kadai wajen awa 4 ne a jirgi. Wuri biyu zaka zaba ka more su. Ni in ni ne Foz do Iguacu na farko, sauran duk su biyo baya.

Sadiq Na Barca: Haba Injiniya, mutum yaje Brazil bai taka Maracana ba ai bai je ba. Nan akayi wasan karshe na kofin duniya 1950 da Uruguay ta cinye su 2-1 a gidansu, nan Jamus ta dauki kofi a hannun Ajantina 2014. Ana shiga yawon kallo ko ba ranar wasa ba, har dakin canza kaya da bakin fili ana kai mutum. Alhaji in ka dace da ranar da Flamengo ke wasa a gida wlh ka saya tikiti kawai

Injiniya Bello: Sadiq da iyali fa zai tafi. Bari in fada maka abinda yasa nace Foz. Ruwa ne yake zubowa daga kan dutse wuri wajen 275, a jere, fadinsu kusan kilomita 2.7, a kan iyakar Brazil da Ajantina. Akwai wata gada da suka yi a kan ruwan kana takawa har ka isa gaban inda ya fi zurfi, wanda suke kira makogwaron shaidan, tsayinsa kimanin mita 80, kafin ka kai karshen gadar ka jike sharkaf kuma ko kusa da kai mutum yake sai ya daga murya zaka ji shi. Ni da na tsaya a wurin tasbihi kawai na kama yi, hoto baya nuna rabin abin. Sannan garin kansa akwai Larabawa yan Labanon da yawa, akwai babban masallaci na Umar bin Khattab fari tas tun shekarun 1980, ga gidajen abinci na halal, matsalar cin abinci bata taso ba sam. Daga Sao Paulo bai kai awa 2 ba a jirgi.

Abban Khadija: Masha Allah wannan ya kwanta min. Ana bukatar tsallakawa Ajantina ne kafin a gani?

Injiniya Bello: A'a. Mafi yawan ruwan a bangaren Ajantina yake zuba amma daga bangaren Brazil ne kake fuskantarsa kaga komai a gabanka. Tsallakawa da fasfo dinmu sai da bizar Ajantina daban, kar ka wahalar da kanka. Rabin yini ya isa bangaren Brazil, da yamma ka shiga gidan tsuntsaye dake daura da kofar shiga, washegari kaje dam din Itaipu. Wannan kam ni a matsayina na mai aikin lantarki shine ya fi tsaya min a rai, injina 20 kowanne megawat 700, jimla 14,000, Brazil da Paraguay suka hada hannu suka gina kuma tun 1984 yake bada wuta. Ana zagawa da mutane a bas har saman dam din. Abu daya, akwai wasu dabbobi masu dogon hanci da jela mai zobe-zobe a hanyar ruwan, suna fizge leda a hannun mutum, kar Hajiya ta rike abinci a fili.

Maman Ikram: Alhaji ni maganar abinci zanyi tunda naga maza sun tafi kwallo da lantarki. Kar a rude ka da cewa Brazil na cikin manyan masu fitar da kaji da naman halal a duniya, gaskiya ne amma na fitarwa ne zuwa Saudiyya da Dubai da sauransu, wanda ke cikin gari ba lallai bane. Kuma alade yana shiga inda baka zata ba, waken da suke ci kullum da shinkafa sau da yawa da guntun naman alade ake dafa shi, garin rogon da suke soyawa su barbada a abinci shima haka, feijoada kuwa, dafaffen wakensu mai naman alade, kar ma ku kusance ta. Ku rike kalmar porco da bacon da linguica da presunto, duk inda kuka gansu a takardar abinci ku wuce. Mu kifi muka rike da kayan itatuwa, mangwaro da gwanda da abarba kam sai kun gaji. Akwai gidajen abinci da kake zuba abinda kakeso da kanka a auna a kilo, sun fi sauki dan kana ganin komai da idonka. A Sao Paulo unguwar Bras akwai Larabawa da masallaci da wuraren cin halal, kuma Mesquita Brasil tana nan ba nisa sosai, kuyi Juma'a a can.

Abban Khadija: Allah ya saka da alheri Hajiya, uwargida na gefe tana rubutawa

Ustaz Abu Hafsa: Ina da jan hankali. Duk wanda yaje Rio abin da ake fara kai shi gani shi ne wancan katon gunkin da suka ce na Annabi Isa ne, alaihis salam. Bai dace Musulmi ya biya kudinsa ya hau dutse don ya je ya tsaya gaban mutum-mutumin da aka jingina wa Annabin Allah ba, har ya bude hannuwa yana kwaikwayonsa ana daukarsa hoto. A karkashinsa ma akwai dan karamin coci. A kiyaye.

Sadiq Na Barca: Allah gafarta Malam ai ba bauta mutum yaje yi ba, yawancin masu hawa garin suke son gani daga sama, dutsen Corcovado mita 700 ne, kana hango teku da tsaunuka da Maracana duk lokaci daya. Mutanenmu nawa ke zuwa Masar kallon kayan Fir'auna?

Ustaz Abu Hafsa: Na Fir'auna an ce mu yi tafiya a bayan kasa mu ga yadda karshen wadanda suka gabata ya kasance. Wannan kuwa wuri ne da ake girmamawa a yau, kuma sura ce aka kirkira aka ce ta Annabi ce. Ba daya ba ne Sadiq.

Ummi Salvador: Salam, ni daliba ce anan Brazil, bari in dan sa baki. Wanda zuciyarsa bata kwanta da Corcovado ba baiyi asarar komai ba wlh, ya hau Pao de Acucar, dutsen nan mai tsini dake bakin teku, mita 396, da motar igiya ake hawa zango biyu, ana tsayawa a Urca sannan a karasa, tun 1912 ake hawa dashi. Ku je da la'asar ku tsaya har faduwar rana, garin gaba daya yana kunna wuta a gabanku. Ni nafi son can ma dan Corcovado sau da yawa gajimare ke rufe shi, ka biya kudin jirgin kasa ka hau kaga hazo kawai, ga cunkoso. Mutum-mutumin dai mita 30 ne banda gindinsa, an gama shi 1931, ko kana so ko baka so daga ko'ina a Rio zaka hango shi.

Ustaz Abu Hafsa: Wannan mafita ce mai kyau, Allah ya yi miki albarka.

Malam Tijjani: Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina mamakin yadda har yanzu ba wanda ya ce wa Alhaji ya je Salvador, alhali ga ɗiyarmu Ummi tana zaune a can. Ruwa da dutse kowa na iya zuwa ya gani, Bajamushe da Bajapane duk abin da za su gani ke nan. Amma Salvador akwai abin da Bahaushe zai gani wanda su ba za su gani ba, domin kakanninmu sun zauna a garin nan, sun yi salla a cikinsa a ɓoye, sun yi rubutun allo, sun yi yaƙi, an kashe su a can. Brazil ce ƙasar da aka fi kai bayi daga Afirka, fiye da mutum miliyan 4, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka da ta haramta bauta, sai 1888. Bayan jihadi ya tashi a ƙasar Hausa a 1804, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen, daga kowane ɓangare, da yawa an gangara da su kudu an sayar a bakin teku, jirage suka kwashe su zuwa Bahia, jihar da Salvador take. Shi ya sa a 1807 hukumar Salvador ta bankaɗo shirin tawaye na Hausawa, aka sake yin wani a 1809, sannan a 1814 suka tashi a wajen Itapua inda ake kamun kifi suka ƙona wuraren aiki. Duk wannan yana rubuce a takardun hukumarsu.

Dan Damagaram: Malam wannan shi ne wanda ake cewa tawayen Male? Na taba jin wani a rediyo yana cewa Hausawa ne suka jagorance shi suka kusa kama garin baki daya

Malam Tijjani: Wannan na 1835 ne, kuma a nan ya kamata mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba. Na 1835 yawancinsu Yarbawa Musulmi ne, Hausawa da Nufawa suna ciki amma ba su ne masu rinjaye ba, lokacin Hausawa shi ne na farkon nan da na lissafa. Kuma ba su kusa kama garin ba, cikin dare ɗaya aka gama. Sun shirya fitowa da asubar 25 ga Janairu, a goman ƙarshe na Ramadan, sai labari ya kai kunnen hukuma tun daren, 'yan sanda suka faɗa gidan Manoel Calafate inda wasu ke taruwa, dole suka fito kafin lokaci. Kimanin mutum 600 ne, sanye da fararen riguna, da layu a wuya, mafi yawa takubba da wuƙaƙe ne a hannunsu. Sun nufi kurkukun da ke ƙarƙashin majalisar gari don su fito da malaminsu Pacifico Licutan, ba su samu nasara ba, aka yi ta artabu a tituna har zuwa Agua de Meninos inda sojan doki suka tare su. An kashe kusan 70 a daren. Daga baya aka harbe 4, aka yi wa wasu bulala ɗaruruwa, aka kori 'yantattu da yawa zuwa Afirka. Cikin malaman da aka kama akwai Bahaushe, Dandara, wanda takardu suka rubuta da Elesbao do Carmo, ya fanshi kansa yana da shagon taba, a nan yake koya wa mutane karatu da salla. Takardun Larabci da aka cire daga jikin waɗanda aka kashe, ayoyi da addu'o'i, har yau suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na jihar Bahia. Wani masanin tarihi ɗan garin, Joao Jose Reis, ya yi littafi guda a kan wannan.

Maman Ikram: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wlh Malam mun je Brazil mun dawo ban san da wannan ba, Allah ya jikansu ya karbi shahadarsu. A goman karshe fa, suna azumi

Baban Zango Accra: Malam ya fadi gaskiya, wadanda aka koro din wasunsu nan Accra suka sauka wajen 1836, su ne ake ce ma Tabom, suna Jamestown, gidansu na farko Brazil House yana nan har yanzu ana zuwa gani, shugaban Brazil Lula ma ya ziyarce su da ya zo Ghana 2005. Da yawa cikinsu Musulmi ne lokacin da suka zo. A Legas ma akwai su, masallacin Shitta-Bey na 1894 maginin da ya yi aikinsa cikin wadanda suka dawo daga Brazil ne

Sadiq Na Barca: To amma Malam tsakani da Allah in Alhaji yaje me zai gani da ido? Tarihi a littafi yake, mutum ya dauki iyali awa biyu da wani abu a jirgi yaje ya kalli titi ace nan akayi yaki shekara kusan 200? Hajiya zata ce a maida ta wajen ruwa

Ummi Salvador: Yaya Sadiq ba haka bane, ko ba tarihin garin abin gani ne. Shine babban birnin Brazil na farko daga 1549 har 1763, tsohon garin Pelourinho gidaje ne masu launi kala kala a kan tudu da titunan dutse, UNESCO ta sa shi a jerinta tun 1985. Garin hawa biyu ne, sama da kasa, akwai lif na Lacerda mita 72 da yake sauke mutane daga sama zuwa bakin teku inda kasuwar Mercado Modelo take, kuma dandalin da kake shiga lif din nan ne ginin majalisar da Malam yace an tsare malamin yake, kana tsaye kana kallonsa. Akwai gidan tarihi na kayan Afirka a Terreiro de Jesus, akwai Casa do Benin. Sannan mafi yawan mutanen garin bakake ne, ba wanda zai kalle ka sau biyu sai dai hijabi, shima tambaya suke cikin mutunci. Abinda yafi bani mamaki ranar da na fara zuwa, mata sanye da fararen kaya da dankwali zaune a bakin titi suna suyar kosai, kosai dai namu na wake, sai dai su a manja suke soyawa kuma manya ne, a tsaga a zuba wani kulli da jatan lande da yaji, acaraje suke ce masa. Muna da cibiyar Musulunci a unguwar Nazare, karama ce amma ana Juma'a, limamin da na tarar ma dan Najeriya ne.

Malam Tijjani: Kin gama magana Ummi. Sadiq, ni ban ce kowa sai ya ji abin da na ji ba, amma mutumin da aka raba da garinsu, aka canja masa suna, aka hana shi salla, ya riƙe Fatiha da Ƙulhuwallahu a 'yar takarda a wuyansa har ya mutu da ita, ya cancanci in ɗan'uwansa ya zo ƙasar da kuɗinsa da fasfonsa ya tsaya ya yi masa addu'a a inda ya faɗi. Ko a Rio ɗin ma akwai Cais do Valongo, matattarar jiragen bayi da aka tono a 2011 lokacin gyaran tashar ruwa, an ƙiyasta mutum kusan 900,000 aka sauke a wurin, shiga kyauta ne, amma masu kai baƙi yawo ba kasafai suke ambatonsa ba sai ka tambaya.

Dan Damagaram: Ni kuma abinda na gani a bidiyo ya tsaya mini shi ne Lencois Maranhenses, tudun rairayi fari fat iya ganinka amma tsakanin kowane tudu da tudu tafki ne na ruwan sama garai garai mutane na wanka. Mu da muka san rairayi ba mu taba ganin shi da ruwa haka ba. Akwai wanda ya je?

Ummi Salvador: Kawayena sunje, yana jihar Maranhao can arewa, sai ka sauka Sao Luis ka kara tafiyar mota wajen awa 4 zuwa Barreirinhas. Kuma lokaci gareshi, daga Yuni zuwa Satumba tafkunan ke cike, in ka makara ka tarar yawanci sun kafe. Ga mai sati daya yayi nisa gaskiya

Injiniya Bello: Haka ma Manaus, inda bakin ruwan Rio Negro da jan ruwan Solimoes suke tafiya gefe da gefe kusan kilomita 6 basu gauraya ba saboda bambancin zafi da gudu da kaurin ruwan. Abin kallo ne amma tafiya ce ta daban.

Dan Damagaram: Allahu akbar, ba shi ne wanda Alkur'ani ya fada ba na kogi biyu da shamaki tsakaninsu?

Ustaz Abu Hafsa: A yi hattara da dora aya a kan kowane bidiyo. Ayar Suratul Furkan ta bayyana cewa daya ruwan dadi ne daya na gishiri, wadannan kuwa duka biyun ruwan dadi ne, kuma daga karshe suna gaurayewa su zama kogin Amazon. Aya ce cikin ayoyin halittar Allah, wannan ya isa, ba sai an ce ita ce tafsirin ba.

Abban Khadija: Jama'a na gode kwarai, Malam Tijjani ka sa min Salvador a rai. Yanzu tsakanin ta da Foz da Rio dole daya ta fita. Ya maganar tsaro kuma? ana ta bani tsoro da kwacen waya

Maman Ikram: Kwacen waya gaskiya ne musamman Rio da tsakiyar Sao Paulo, kar ka tsaya a bakin titi kana latsa waya, in zaka duba taswira shiga shago. Hajiya ta ajiye gwal a gida kwata kwata. Ku rika kiran mota ta manhaja maimakon tsayar da ta titi, fasfo ya zauna a otal ku yawo da kwafi. Kuma in dan bakin teku ne ni ban ga abinda zai kai mai iyali Copacabana da rana ba, shigar da akeyi a wurin ba zaku ji dadin zama ba, in dai sai kunje to da sassafe bayan asuba. Ni da za'a bi tawa Rio ce zata fita

Sadiq Na Barca: Hajiya kar ayi mana haka mana. Kasar da Ahmed Musa ya zura wa Ajantina biyu a Porto Alegre 2014, kasar da Sadiq Umar da Aminu Umar suka ciyo mana tagulla a Olamfik 2016, ace anje ba'a gaisa da Maracana ba. Rio awa daya ce daga Sao Paulo a jirgi, a bas awa 6, ko kwana daya ne Alhaji ya leka ranar da ba aiki

Ummi Salvador: Wannan ma shawara ce, Rio a karshen mako cikin kwanakin aikin, sai satin ya rabu tsakanin Foz da Salvador, amma ku sani daya tana kudu daya tana arewa maso gabas, yawanci sai an sake biyowa ta Sao Paulo ko Rio, kusan yini guda zai tafi a hanya. A Pelourinho ku tsaya inda mutane da yan sanda suke, kar ku bi lungu da dare, kuma masu daura wa mutum zare a hannu suce kyauta ne kuce musu nao obrigado ku wuce, zaren na cocin Bonfim ne kuma daga baya kudi zasu nema. Turanci baya aiki sosai anan ko a otal wani lokaci, Fotugis ne kawai, ku sauke manhajar fassara wadda ke aiki ba intanet tun kuna gida. Katin rigakafin zazzabin shawara ku taho dashi. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwan sama yafi yawa a Salvador, Foz kuma tsakiyar shekara sanyi ake sosai, ku sa rigar sanyi a jaka.

Abban Khadija: Malam Tijjani wancan gidan adana takardun ana barin bako ya shiga yaga rubutun da idonsa?

Malam Tijjani: Wuri ne na masu bincike, ba gidan kallo ba, saboda haka kada ka je kai tsaye. Ka sa wanda ya iya Fotugis ya rubuta musu tun kafin ka tashi a ji ƙa'idarsu da ranakun da suke buɗewa. Ummi, ko za ki taimaka wa babanki da wannan?

Ummi Salvador: In sha Allah Baba, zan tambaya a sashen tarihi na makarantarmu. Alhaji ka turo min ranakun da zaku shigo ta inbos